Karatun Ƙashi Na Da

Shafi na 9

Akwati ɗaya. Jakar baya. Ƙaramar guduma. Burushi uku, gilashin ƙara girma, littafin awo. Duwatsu huɗu, kowanne cikin safa. Ƙashin ƙafa ɗaya naɗe a tawul. Turare na Umma, tabarau na Baba.

Abin da na ɗauko ke nan bayan shekara biyar. Jakar tana kan cinyata a bayan tasi, ƙanwata tana gefena. Rediyo muke ce mata, kuma tun daga tasha ba ta kashe ba.

"Yaya kin rame. Can ba sa cin abinci ne?"

"Suna ci."

"Baba ya aro benci huɗu."

"Na me?"

"Na marasa lafiya mana. Tun safe suke zaune. Akwai mai ƙugu, akwai mai wuya, akwai wata da ta zo da hoton ƙirjin mijinta. Shi mijin ma ya warke, so take dai ki gani."

Direba ya kalle ni ta madubi.

"Hajiya likita ce? Wallahi gwiwar nan tawa..."

"Kalli hanya, malam."

Ga wanda yau ya fara bin labarin: ni ba likita ba ce. Likitanci aka tura ni in karanta, na yi shekara ɗaya na bari. Abin da nake karantawa yanzu shi ne ragowar halittun da suka daɗe da ƙarewa, ƙasusuwa da haƙora da ɓawo waɗanda suka zama dutse a cikin ƙasa. Na gaya wa gida. Sai dai na gaya musu ta hanyar da na san ba za su ji ba.

"Sai kuma Kawu," in ji Rediyo.

Kawu ƙanen Umma ne, magini.

"Me ya same shi?"

"Ba a gaya miki ba? Faɗowa ya yi a wurin aiki, daga hawa na biyu. Ƙafar dama, nan ƙasan gwiwa. Ƙashin har ya leƙo."

"Wane asibiti yake?"

"Ɗakinki yake."

Na juya na dube ta.

"Ya ce asibiti yanke ƙafa suke yi. Ya ce shi yana da likitar ƙashi a gida, jirgi kawai take jira. Wani abokin aikinsa ne ya ɗaure masa da katako."

"Yau kwana nawa?"

"Tara."

"Kwana tara, babu wanda ya kira ni?"

"Baba ya ce kina jarrabawa, kar a ɗaga miki hankali."

Na ce wa direba ya ƙara gudu. Na kuma ce idan mun isa kada ya tafi.

Shagon ɗinkin Baba a jikin gidanmu yake, ƙofarsa tana kallon titi. Bencunan suna jere a gabansa, babu wurin saka tsinke. Ina sauka aka miƙe. Sannu da zuwa Dakta, sannu da hanya Dakta. Wani tsoho ya fara naɗe ƙafar wandonsa tun ban amsa gaisuwarsa ba.

Baba ya fito da abu a leda. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon mutane. Ya zaro abin ya warware. Farar riga ce doguwa, aljihu uku, a ƙirji ya yi rubutu da shuɗin zare: DAKTA.

"Da ka na auna ki," ya ce. "Gwada a gani."

"Baba ina son magana da kai."

"Bayan kin sallami mutane."

"Yanzu."

Umma ta riƙe hannuna a bakin ƙofa, muryarta a ƙasa. "Ki je ki ga ɗan'uwana. Tun jiya jikinsa kamar murhu, yana kiran mutanen da suka mutu."

"Zan je, Umma. Minti biyar."

Muka shiga bayan shagon, inda keken ɗinki yake. Almakashi a kan tebur, alli, tef ɗin awo, kwalayen da yake ɗorawa a kan yadi ya yanka suna rataye a ƙusa. Rediyo ta biyo mu ta tsaya a bakin labule kamar an gayyace ta.

"Baba ni ba likita ba ce."

"Eh, saura shekara ɗaya. Mutane ba su damu da takarda ba."

"Ba zan zama ba. Na bari. Shekara huɗu ke nan."

Ya aje rigar a kan keke. Ya ciro wayarsa, ya daɗe yana ja sama, sannan ya juyo min da ita.

"Wannan saƙon waye?"

Nawa ne. Layi ɗaya. Wayata ta can ba ta da harafi mai lanƙwasa, saboda haka ga yadda ya fito: Baba na koma karatun kashi na da.

"Ni fa ranar da na fara karantawa," in ji Rediyo, "na ɗauka kashi take nufi. Na bayan gida. Na ce Yaya ta tsallaka teku don..."

"Rufe min baki ki fita," in ji Baba.

Ban gaya mata cewa ɗaya daga cikin duwatsun da ke jakata shi ne ainihin abin da ta faɗa ba. Na wani kada ne, kuma ya girme mu duka da miliyoyin shekaru.

"Karanta," ya ce min. "Na koma karatun ƙashi na da. Na da. Wanda kika fara. Shekararki ta farko kullum kika kira sai ki ce yau mun yi ƙashin hannu, yau mun yi ƙashin kai."

"Ƙashi na da nake nufi. Na zamanin da."

"Haka kike nufi."

"Eh."

"Kalma nawa ce a ce na bar likitanci?"

"Uku."

"Wayar taki ba ta da su?"

Na yi sati biyu ina juya wannan layin kafin in tura shi. Na san yana da fuska biyu. Don haka ma na zaɓe shi.

Ya jawo kujerar keke ya zauna.

"To gaya min. Me kika gani a ƙashin mushe wanda ya fi ran mutum?"

Na buɗe jaka. Na zaro safa ɗaya na zazzage ta a kan teburin yanka. Dutse ne faffaɗa, girman tafin hannu, a jikinsa kifi kwance da ƙayoyinsa a jere kamar an ɗinka su.

"A saman dutse na samo shi, inda babu ko rijiya. Da hannuna na fasa. Ƙasa a can hawa-hawa take, kamar yadin da ka jera a kanta. Na ƙasa ya riga na sama zuwa. Kana haurawa halittun suna canzawa."

"Dutse," in ji shi.

"Ranar da na bar likitanci, wata malama ce ta jera mana ƙasusuwa a tebur. Hannun mutum, fiffiken jemage, ƙafar kyanwa, ƙafar kwaɗo. Ta ce ku ƙirga daga kafaɗa. Ƙashi ɗaya, sai biyu, sai ƙanana kamar tsakuwa, sai yatsu. Duka haka suke. Baba kamar kwalin nan naka ne. Yanka ɗaya, wani an tsawaita masa hannu, wani an rage."

Ya kalli kwalayen.

"To mai yankan ɗaya ne ke nan. Wannan ai tun ina goye na sani. Sai da kika bar likitanci kika gane?"

"Ni yadda aka yi nake son sani. Wanne ya riga wanne, ina aka rabu, shekara nawa ya ɗauka."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Dakata. Ku ne masu cewa kakanmu biri ne?"

"Ba haka aka ce ba."

"To yaya aka ce?"

"An ce idan aka bi baya da nisa..."

"Da nisa. Ni kakana na san shi. Ɗinki yake yi da hannu, kuma ba shi da wutsiya."

Rediyo ta toshe baki da labule.

Shekara huɗu ina amsa wannan tambayar a jarrabawa, shafi shida, shafi bakwai, da zane. A gaban Baba ban iya kai jimla ɗaya ƙarshenta ba.

"Baba sallata ban fasa ba. Abin da na tono da hannuna kuma ba zan ce ban gani ba. Akwai abin da na fahimta, akwai wanda har yau nake juyawa. Amma yau ba ranar biri ba ce. Kawu yana ɗakina kwana tara."

"Saboda ke."

"Saboda ni."

"Baba ai kai ma ka ga hoton," in ji Rediyo.

Muka juya mu biyu.

"Bara. Na nuna maka a wayata. Tana cikin rami da malafa da guduma, duk ta yi buɗu-buɗu. Har na karanta maka abin da aka rubuta a ƙasa."

"Na ce ki fita."

"Na fita ai, labule ne kawai tsakaninmu."

Na kalli Baba. Yana kallon almakashi.

"Ka sani."

"Na ce ƙila hutu kuka je."

"Da guduma?"

"Ke ba ki faɗa ba, ni ban tambaya ba." Ya mayar da hularsa. "Duk wanda ya kawo min ɗinki a shekara biyar ɗin nan ya ji labarinki. Wanda ya kawo gyaran maɓalli ma ya ji. Ranar da kawunki ya faɗo suka ce a kai shi asibiti, ya ce Dakta tana hanya. Kowa ya kalle ni. Me kike so in ce?"

"Kalma uku."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauki rigar ya karkaɗe ta.

"Ga yadda za a yi. Ki sa wannan. Ki fita ki taɓa nan ki taɓa can, ki ce kowa ya sha ruwa da yawa ya rage ɗaukar kaya. Kawunki ki ba shi maganin ciwo. Gobe da sassafe, kafin layin nan ya tashi, mu fitar da shi ta baya. Maganar karatunki kuma mu yi ta tsakaninmu."

"Bari in ga ƙafar."

"Sa rigar tukuna."

Na ɗauki jakata na wuce shi.

Tun daga tsakar gida warin ya tare ni. An kunna turare a bakin ƙofa, ya haɗu da shi ya zama wani abu na uku. Tagar ɗakina tana kallon titi, dab da bencunan, kuma a buɗe take saboda zafi.

Kawu yana kwance a gadona, ƙafar a kan filo biyu. Mutumin da ya saba ɗaukar buhun siminti a kafaɗa ɗaya ya zama rabin kansa. Amma bakin yana nan.

"Uwata ta kaina. Kin zo? Ina rigar? Babanki wata biyu yana ɗinka ta, ko rigar amarya albarka."

"Sannu Kawu. Bari in gani."

Katako biyu ne na wurin gini, da siminti a jikinsu, an ɗaure da tsumma. Umma ta taya ni kwancewa, ta kau da kai. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi. Inda ƙashin ya huda fata ruwa yana fita, rawaya. Jan da fatar ta yi ya wuce gwiwa. Na taɓa babban yatsansa.

"Kana ji?"

"Wanne kika taɓa?"

Na zauna a bakin gado. Baba yana tsaye a ƙofa da rigar a hannu. A waje an yi shiru, irin shirun da ake yi idan ana sauraro.

"Kawu ni ba likita ba ce."

Ya yi dariya, ta koma tari. "Ji ta da wasa."

"Ba wasa ba ne. Ban taɓa ɗora ƙashin mai rai ba. Ko allura ban iya ba."

Ya kalli Baba. Baba ya kalli silin.

"To me kike yi a can shekara biyar?"

Na ciro tawul na warware. Ƙashin bai kai tsawon tafin hannuna da yatsu ba. Kwafi ne da aka zuba, na ainihin yana kulle a makaranta. A kansa nake rubuta aikina na ƙarshe.

"Riƙe."

Ya karɓa ya juya shi kamar yana duba bulo.

"Na akuya ne?"

"Na wani ɗan'uwan doki. Girman akuya yake, yatsu uku a kowace ƙafa. Ya mutu shekara kamar miliyan talatin."

"Miliyan talatin. Wa ya ƙirga?"

"Wannan sai mun zauna. Ka ga nan, inda ya kumbura kamar an yaɓa masa laka?"

"Aikin banza. Mai koyo ne ya yi wannan."

"Karaya ce. Ta huda fata, datti ya shiga. Ƙashin ya yi ta ƙoƙarin haɗewa yana ruɓewa ta ciki. Ramukan nan uku da kake gani, ta nan ruwan yake fita."

Ya daina juya shi. Ya sa babban yatsa a rami ɗaya. Sannan ya ɗaga kai ya kalli ƙafarsa.

"Ya rayu?"

"'Yan watanni. Da ƙafa uku."

"Shi wa ya duba shi?"

"Ni. Bayan shekara miliyan talatin."

Umma ta ce innalillahi a hankali.

"Kawu, na san yadda irin wannan ƙashin yake zama bayan mai shi ya mutu. Na auna shi ta kowane gefe, na yi shekara ina kallonsa. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake hana mai shi mutuwa. Waɗanda suka sani suna asibiti. Mota tana waje."

"Gobe da sassafe," in ji Baba daga ƙofa. "Na riga na gaya mata. Ta baya."

"Jan nan jiya ina ya tsaya, Umma?"

Ta nuna ƙasan gwiwa.

"Yau ga shi nan." Na ɗora yatsa a cinyarsa. "Gobe da sassafe ka gaya min inda zai kai, Baba, tunda kai ne mai awo."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Umma ta kalle ni. Ban janye ba.

Ta taga muryar tsohon nan mai wando ta shigo. "Wai ba likita ba ce?"

Wata ta ce, "Cewa ta yi likitar doki ce."

"Dokin ma matacce," in ji wani.

Kawu ya miƙo min ƙashin.

"Karɓi ɗan'uwanki." Ya juya wurin Umma. "Yaya, ɗauko min hulata. Ba zan shiga asibiti kai ba hula kamar ɓarawo ba."

Ƙofar baya lungu ce, mota ba ta shiga. Ta gaba muka fito da shi, a kan ƙyauren bayan gida da direba ya cire. Ni da Rediyo muna riƙe da kai, direba da mai shagon kusa suna riƙe da ƙafa. Kowane taku Kawu yana cije leɓe yana ba mu umarni. A ɗaga can. A sauke nan. Wa ya koya muku ɗaukar kaya.

Mutanen benci suka dare. Matar nan ta miƙo min hoton ƙirjin mijinta duk da haka.

"Baiwar Allah, ki kai wa likita. Ni ba ita ba ce."

"To ki dai gani."

"Rediyo, gaya mata."

"Ta ce sai mijinki ya shekara miliyan talatin."

Baba bai taɓa ƙyauren ba. Ya tsaya a ƙofar shago yana kallon mutane suna tattara ledojinsu. Babu wanda ya yi masa sallama. Tsohon ya sauke ƙafar wandonsa a gabansa, a hankali, don ya gani.

Muka kwantar da Kawu a kujerar baya, kansa a cinyar Umma. Ina gyara masa filo ya kama wuyan hannuna. Tafinsa yana ƙuna.

"Uwata."

"Na'am Kawu."

"Ni da ƙafa nake cin abinci. Magini mai ƙafa ɗaya maigadi ne." Ya ƙara matse ni. "Kin ji turancinsu. Ki yi min alkawari ba za ki bari su yanke ba."

Umma tana kallona. Idonta yana cewa ki ce to, ko me ke nan, ki ce to kawai mu tafi.

"In ba ki yi ba a mayar da ni ciki," ya ce.

Na zare hannuna daga nasa. Na tura filon ciki, na rufe ƙofar motar a kansa, na zagaya na shiga gaba.

"Ba zan yi alkawarin nan ba, Kawu. Kuma ba za a mayar da kai ba. Malam, ja mu je."